Kumburin Nono da Fargabar Sankarar da Ba Ta Fitar da Ƙullutu

Shekara da shekaru faɗakarwar da ake yi wa mata game da sankarar mama a kan kalma ɗaya ta ginu, wato ƙullutu. A gidajen rediyo, da ɗakunan awon ciki, da tarukan watan Oktoba da aka keɓe domin wannan cuta, abin da ake nanatawa shi ne mace ta riƙa laluba nononta, idan ta ji wani abu mai tauri kamar ƙwallon dabino ta garzaya asibiti. Shawarar daidai take, domin mafi yawan sankarar mama da ƙullutu take fara bayyana, amma ta bar giɓi, saboda akwai wani nau'i wanda sau da yawa ba ya tara abin da hannu zai taɓa, sai dai ya kumbura nonon gaba ɗaya, ya sa shi zafi da nauyi, ya sauya launin fatarsa cikin 'yan makonni, har mai ciwon da danginta, wani lokaci ma da ma'aikacin lafiyar da ya fara duba ta, su ɗauka maruru ne ke shirin nuna ko kuwa kumburin shayarwa ne. Sunan da likitoci suka ba wannan nau'i a Turance yana nufin sankarar mama mai kama da kumburin ciwo, a nan kuwa za a kira ta sankarar mama mai kumburi.

Cuta ce da ba ta da yawa. Cibiyar Nazarin Sankara ta Ƙasa a Amurka ta ƙiyasta cewa cikin kowane mutum 100 da aka samu da sankarar mama a ƙasar, tsakanin 1 zuwa 5 ne ke da wannan nau'i, kuma idan aka tara dukan matan da nononsu ya taɓa kumbura ya yi zafi, waɗanda sankara ce ta jawo musu 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Duk da haka labarinta yana jefa mata cikin kuskure iri biyu masu kishiyantar juna. Akwai wadda ta ga ɗan tabo a nono, ta ɗauki wayarta ta karanta alamomin cutar, daga ranar barci ya ƙaurace mata alhali cizon sauro ne ko ƙurajen zafi. Akwai kuma wadda nononta ya shafe wata 3 yana ƙara girma da tauri, tana ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, don ba ta ji ƙullutu ba, ƙullutu kuwa shi kaɗai aka ce mata ta ji tsoro. Abin da zai fisshe su su biyun ɗaya ne, wato lura da yadda kumburin yake tafiya da kwanaki, domin a ranar farko ko ƙwararren likita ba zai rantse a kan abin da idonsa ya gani ba, amma bayan mako ɗaya ko biyu bambancin yakan fito fili.

Kafin a gane dalilin da ya sa wannan sankara take kumbura nono, sai an san cewa ban da jijiyoyin jini akwai wasu siraran hanyoyi a ko'ina cikin jiki waɗanda aikinsu shi ne kwashe ruwan da ke tsattsafowa daga jini zuwa cikin tsoka, wani ruwa garai-garai da likitoci ke kira limf. Hanyoyin suna bi da ruwan ta wasu ƙananan tashoshi masu tace ƙwayoyin cuta, irin waɗanda idan suka kumbura a matsematsi ko a hammata Bahaushe yake cewa kaluluwa ta fito, sannan su mayar da shi cikin jini, kuma mafi yawan ruwan da ke fita daga nono ta hammata yake bi. A sankarar mama da aka saba gani, ƙwayoyin halittar da suka lalace sukan taru wuri ɗaya su yi curi, amma a wannan nau'i sukan bazu a ƙananan dunƙule-dunƙule, su kutsa cikin hanyoyin limf na fata su toshe su. Wanda ya taɓa ganin yadda unguwa ke cika da ruwa a watan Agusta idan leda da shara suka cushe lambatu ya ga misalin abin, domin ruwan da ya rasa mafita a inda yake yake kwanciya, ya jiƙa gindin katanga har ta kumbura. Haka fatar nonon ke shan ruwa ta yi kauri, nonon ya yi nauyi, ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, wurin ya ɗauki zafi.

Daga nan ne alamar da ta fi shahara ta samo asali. Fatar mutum cike take da ƙananan ƙofofin gashi da na gumi, kowace ƙofa kuma a ɗaure take da abin da ke ƙarƙashinta, saboda haka idan fata ta sha ruwa ta taso, wuraren da ke tsakanin ƙofofin ne ke kumbura, su kuwa ƙofofin su zauna a lotse, sai fatar ta cika da ɗigo-ɗigon ramuka kamar bawon lemon zaƙi. Likitoci a duk duniya da kalmar Faransanci mai wannan ma'ana suke kiran alamar. Sau da yawa takan fara ne daga ƙasan nono ko kewayen baƙin da'irar kan nono, inda ruwa ya fi kwanciya, kuma an fi ganinta idan haske ya bugi fatar ta gefe, irin hasken taga da hantsi. Idan aka ɗan matse fata tsakanin yatsu biyu, ta lafiyayyen nono takan taso sirara, ta mai ciwon kuwa takan ƙi tasowa, ko ta taso da kauri ramukan su ƙara fitowa. Rigar nono ma takan bar sawu mai zurfi a gefe ɗaya wanda ke daɗewa bai baje ba.

Likitocin Turai sun daɗe da lura da cutar. A 1814 likitan tiyata Charles Bell, mutumin Sikotilan, ya rubuta cewa idan fatar da ke kan ciwon nono ta rine ta yi shunayya tare da sukar zafi, to alamar ba ta alheri ba ce, sannan a 1924 wasu likitoci biyu a birnin New York, Lee da Tannenbaum, suka raɗa mata sunan da ake kiranta da shi har yau. Sunan yana da ruɗani, domin yana sa a zaci akwai ƙwayar cuta a cikin lamarin, alhali babu, kuma wannan ne ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, ba ya warkar da ita komai yawan da aka sha. Sharuɗɗan da masana suka yarda da su a yau domin a kira ciwo da wannan suna su ne alamomin su taso da sauri, cikin abin da bai wuce wata 6 ba, sauyin launi ko kumburin fata ya mamaye aƙalla kashi 1 cikin 3 na nonon, sannan gwajin tsokar da aka ɗiba ya tabbatar da sankara.

Akwai wata matsala a cikin waɗannan sharuɗɗa da ta shafi mata baƙar fata kai tsaye, kuma ba a cika faɗarta ba. Littattafan likitanci da shafukan intanet duk suna sa jan fata a sahun gaba na alamomi, hotunan da suke nunawa kuma galibi na fararen mata ne, waɗanda nononsu ke yin jawur har a hango daga bakin ƙofa. A jikin mace wankan tarwaɗa jan yana iya fitowa dishi-dishi, amma a jikin baƙar mace sau da yawa ba ya fitowa sam. Abin da ake gani shi ne wurin ya ƙara duhu fiye da ɗan'uwansa, ko ya yi launin makuba, ko ya yi kamar ƙurmewar jini bayan bugu, ko kuwa ya yi ta sheƙi kamar an shafa mai saboda fatar ta ɗame. Matar da ke jiran ta ga ja kafin ta damu tana iya jira har abin ya wuce gyara, haka nan ma'aikacin lafiyar da ya haddace kalmar ja daga littafi yana iya duba nono mai cutar ya ce bai ga alamar ba. Hanyar da ta fi dacewa da irin wannan fata ita ce gwada nono da nono: a tsaya gaban madubi cikin hasken rana a duba ko ɗaya ya fi duhu, ko ya fi girma fiye da yadda aka san shi, sannan a ɗora bayan hannu a kan wannan a ɗora a kan wancan, domin bayan hannu ya fi tafi jin bambancin zafi. Masu shafa man bilicin suna da ƙarin wahala a nan, saboda yawancin irin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata ya dagula launinta, har a rasa gane sabon sauyi daga tsohon tabo.

Sauran alamomin su ne waɗanda mata da kansu kan kawo kuka da su ba tare da sanin sunansu ba. Wata takan ce nonon ya yi mata nauyi kamar na mai goyo alhali ta yi shekaru da yaye, wata ta ce rigar nono ta daina shigarta ta gefe ɗaya cikin wata guda, wata kuma ta ce yana mata raɗaɗi ko ƙaiƙayi daga can ciki inda farce ba ya kaiwa. Kan nono yana iya shafewa ko ya nutse ciki bayan da can a tsaye yake, kaluluwa kuma tana iya fitowa a hammata ko a saman ƙashin wuya. Kusan kullum nono ɗaya ne ke kamuwa, zazzaɓi bai cika biyo baya ba, kuma abin ba ya lafawa ya dawo. Wannan makon ya fi na jiya muni, na gobe kuma zai fi wannan.

Abin da ya fi kowane ciwo kama da ita, kuma ya ninka ta yawa nesa ba kusa ba, shi ne kumburin nono na masu shayarwa, wanda ke samun kimanin mace 1 cikin 10 masu goyo. Yakan fi tasowa a makonni 12 na farko bayan haihuwa, musamman mako na 2 da na 3, wato daidai lokacin da mai jego take tsakiyar wanka ba ta yi arba'in ba. Asalinsa ruwan nono ne da ya taru bai fita ba, ko don jariri bai iya kama nono da kyau ba, ko don an jinkirta sa shi a nono a kwanakin farko da sunan dakashi ba shi da kyau, alhali dakashin nan shi ne rigakafin farko da jariri ke samu. Idan kan nono ya tsage, ƙwayoyin cutar da ke zaune a fata sukan sami ƙofa su shiga, sai wani ɓangare na nonon ya yi tauri da zafi mai tsanani, mai jego ta kama zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi kamar mai maleriya. Yaye na rana ɗaya, inda ake ɗauke yaro a kai shi gidan kaka nono na cike, shi ma yakan jawo irin wannan cikowa da tauri, galibi a nonon duka biyu. Maganin kumburin shayarwa shi ne a ci gaba da ba jariri nonon, domin ruwansa ba ya cutar da shi, a guji murza wurin da ƙarfi, a sha maganin rage zafi, idan kuma da zazzaɓi ko an kwana an wuni ba sauƙi, likita ya rubuta antibayotik. Idan mugunya ta riga ta taru, sai an zuƙe ta da allura ko an tsaga a asibiti.

A nan ne ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a wannan batu take. Kumburin da ƙwayar cuta ta haddasa yakan fara sauka cikin kwana 2 zuwa 3 da fara maganin da ya dace, zazzaɓi ya tafi, zafi ya ragu, taurin ya fara saki. Idan aka kammala kwana 7 zuwa 10 ana shan magani yadda aka rubuta, nono bai koma yadda yake ba, abin da ya kamata ya biyo baya shi ne hoto da gwajin tsoka, ba canjin antibayotik ba. Galibin jinkirin da ke halaka masu wannan cuta a nan yake faruwa: a sayi Ampiclox a kemis a sha na kwana 3, a ga kamar da ɗan dama-dama, a bari, bayan mako biyu a koma a sayo wani mai ƙarfi, daga nan a koma allura, har wata 4 su shuɗe. Ɗan sauƙin da akan ji ma yana iya zama na maganin rage zafi da aka haɗa da shi. Ga macen da ba ciki gare ta ba, ba kuma shayarwa take yi ba, musamman wadda jinin al'adarta ya ɗauke, kumburin nono mai zafi abu ne da ya cancanci hoto tun zuwan farko, domin ciwon ƙwayar cuta bai cika kama irin wannan nono ba sai da dalili, kamar ciwon sukari ko shan taba. Ciki da goyo kuma ba garkuwa ba ne. Gaskiya ne shayarwa mai tsawo tana rage haɗarin sankarar mama, amma ana samun cutar a masu ciki da masu goyo, kuma su ne aka fi yi wa kuskuren ɗauka cewa ruwan nono ne.

Akwai wasu cututtuka da ke shiga wannan rigar. Gumi da gogayya a ƙarƙashin nono, musamman a watannin bazara, suna haifar da ƙuraje da saɓar fata masu ƙaiƙayi waɗanda man shafawa ke warkarwa. Tarin fuka, wato tibi, yana iya kama nono ya yi ta fitar da mugunya, akwai kuma wani kumburi mai naci da ke samun matan da suka haihu cikin 'yan shekarun baya, wanda ba sankara ba ne amma sai gwajin tsoka ke raba su. Ciwon zuciya da na ƙoda suna iya tara ruwa a nono, haka ma tsutsar da ke kawo tundurmi. Ciwon nono da ke zuwa kwanaki kafin al'ada ya tafi da zuwanta, a duka ɓangarorin biyu, aikin sinadaran jikin mace ne, kuma zafi shi kaɗai ba tare da wani sauyi ba da wuya ya zama alamar sankara. Sai dai ƙyasbi ko gyambon da ya kama kan nono ɗaya ya ƙi jin magani yana buƙatar gwaji, domin akwai wata sankarar daban da likita James Paget na Ingila ya bayyana a 1874 wadda haka take farawa.

Ita kanta fargabar tana da nata lahani da ya kamata a ambata. Matar da tsoro ya kama takan yi ta matsa nono tana lalube sau goma a rana, matsar kuwa da kanta tana sa wurin tsami da canjin launi, sai ta ga abin da take tsoro ya bayyana da hannunta. Tabon da bai fi girman kwabo ba, wanda ya dushe cikin kwanaki, ko bambancin girman nono da mace ta sani tun tana budurwa, ko alamar da ta shekara 2 tana nan yadda take, duk ba halin wannan sankara ba ne, domin ita ba ta tsayawa wuri ɗaya. Dabarar da ta fi lalube amfani ita ce ɗaukar hoton wurin da waya a rana ta farko, a sake ɗauka bayan kwana 3 da bayan mako guda, a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, ko a zagaye iyakar tabon da biro a ga ko zai tsallake layin. Likitocin da ke kula da cutar su ma suna ɗaukar hoto kafin fara magani domin auna saukarta. Hoton irin wannan wuri amana ne, a ajiye shi inda ba zai faɗa hannun yara ko ya shiga WhatsApp bisa kuskure ba.

Game da waɗanda cutar ta fi kamawa, alƙaluman Amurka sun nuna tana zuwa da wuri a shekarun mace fiye da sauran nau'o'in sankarar mama, ta fi yawa a baƙaƙen fatar ƙasar fiye da farare, kuma ƙiba mai yawa tana ƙara haɗarinta. Maza ma suna kamuwa, ko da yake da wuya ƙwarai. Arewacin Afirka ya yi suna a binciken cutar tun shekarun 1970, lokacin da likitocin Cibiyar Salah Azaiez da ke birnin Tunis suka ba da rahoton cewa kimanin rabin masu sankarar mama da suke gani suna da wani nau'i mai saurin ci, amma da aka tsaurara sharuɗɗan ganewa daga baya sai adadin ya sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100, wanda duk da haka ya ɗara na Turai da Amurka. Darasin Tunisiya ya shafi ƙasar Hausa, domin sankara ta ƙullutu da aka yi sakaci da ita shekara ɗaya ko biyu ita ma daga ƙarshe takan kumbura nono ta mai da fatarsa bawon lemo, kuma abin da ke raba su shi ne tarihin da mai ciwon ta bayar na yaushe abin ya fara. A Najeriya, inda ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya nuna sabbin masu sankarar mama sama da 32,000 da mace-mace sama da 16,000, mafi yawan mata sai cutar ta kai mataki na 3 ko na 4 suke isa asibiti, don haka nau'o'in biyu sukan cakuɗe a gaban likita.

Kalmar daji tana da hannu a wannan jinkiri. A bakin Bahaushe daji suna ne mai faɗi da ya haɗa kumburin ƙafa, da gyambon da ya ƙi warkewa, da ciwon fata mai yaɗo, da sankara, kuma tare da sunan akwai magana da ta zauna daram a zukata cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Ana iya gane inda maganar ta samo ƙarfi: wanda aka kai asibiti bayan ciwo ya ci jiki, aka yi masa aiki ya rasu ba da jimawa ba, sai a ɗora laifin a kan wuƙar likita, a manta da watannin da aka ɓata a gida. Abin mamaki shi ne sau da yawa gidan da aka hana allurar gwaji shi ne gidan da ake kiran wanzami ya yi wa nonon sakiya da ƙarfe mai zafi ko tsaga da aska. Idan sankara ce, ba mugunyar da za ta fito, sai jini da ruwa, ramin kuma ya ƙi rufewa ya zama gyambo, ya ƙara wa likitocin da za su zo daga baya wahala.

A asibiti bincike yana farawa da tambaya da duba nonon biyu da hammata. Mamogiram, wato hoton nono da ake ɗauka bayan an matse shi tsakanin faranti biyu, yana iya nuna kaurin fata kawai ba tare da ƙullutu ba, kuma matsar tana da zafi ga kumburarren nono, saboda haka sakamakon da ya ce ba a ga ƙullutu ba bai wanke mai irin waɗannan alamomi ba. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, yana da araha, ba ya cutar da ciki ko goyo, yana bambanta tarin mugunya da tsoka, yana kuma nuna kaluluwar hammata. Hoton MRI ya fi su duka gani a inda ake da shi. Amma hukunci na gwajin tsoka ne, wanda likitoci ke kira bayofsi. Akan yi allurar kashe zafi a wurin, a shigar da wata allura mai kauri da ke yin ƙara ƙas idan ta tsinko tsoka siririya kamar guntun taliya, a ɗibi uku ko huɗu. Sannan sau da yawa a ɗauki fata da wani ɗan ƙarfe mai bakin da'ira wanda faɗinsa bai wuce ƙwayar wake ba, a ɗinke da zare ɗaya ko biyu, mai ciwon ta koma gida a ranar. Idan ba a ga ƙwayoyin sankara a guntun fatar ba, hakan bai kore cutar ba, domin toshewar ba a ko'ina take ba. A kan tsokar kuma ake gwada ko sankarar tana rayuwa da sinadaran mace, da ko tana ɗauke da wani furotin mai suna HER2 da yawa, domin amsar ita ke zaɓar magani.

Saboda ta riga ta shiga fata tun ranar da aka gan ta, wannan sankara ba ta da mataki na 1 ko na 2. Daga na 3 take farawa, kuma a kusan mace 1 cikin 3 akan tarar ta riga ta kai ƙashi, ko huhu, ko hanta. Wannan ne ya sa tsarin maganinta ya saɓa wa abin da mutane suka saba ji. Ba a fara ta da tiyata, domin wuƙa ba ta da iyakar da za ta bi a fatar da cutar ta bazu a cikinta. Ana farawa ne da kemoterafi, magungunan kashe ƙwayoyin sankara da ake ƙarawa ta jijiya zagaye-zagaye na kimanin wata 4 zuwa 6, tare da wani magani mai suna trastuzumab ga masu HER2. Idan kumburin ya sauka sai a cire nonon gaba ɗaya tare da tashoshin limf na hammata, domin aikin cire ɓangare a bar saura bai dace da wannan nau'i ba. Bayan rauni ya warke a yi gashi da haske mai ƙarfi, kwana 5 a mako har tsawon makonni 5 zuwa 6. Masu sankarar da ke jin sinadaran mace kuma su ci gaba da shan ƙwaya irin tamoxifen na shekara 5 zuwa 10. Mai ciki tana iya karɓar wasu daga cikin magungunan bayan wata 3 na farko, mai goyo kuwa dole ta dakatar da shayarwa a lokacin kemoterafi saboda maganin, ba don cutar tana bin ruwan nono ba.

Kafin shekarun 1970, lokacin da tiyata ko gashi kaɗai ake yi, waɗanda ke kai shekara 5 da wannan cuta ba su kai 5 cikin 100 ba. A yau alƙaluman Amurka sun kai kimanin 40 cikin 100, sun haura rabi ga waɗanda cutar ba ta wuce nono da hammata ba, sun kuma sauka zuwa kusan 1 cikin 5 ga waɗanda ta yi nisa a jikinsu. Adadin yana ƙasa sosai da na sauran sankarar mama a can, wanda ya kai kusan 90 cikin 100, amma tazarar da ke tsakanin rabi da 1 cikin 5 ita ce ainihin abin da makonnin jinkiri ke saye ko sayarwa. Ci gaban ya samu ne daga haɗa hanyoyi uku, wato kemoterafi da tiyata da gashi, a jere ba tare da yankewa ba, har ta kai cibiyar MD Anderson da ke Houston ta buɗe asibiti na musamman domin wannan nau'i kaɗai a 2006.

Haɗa hanyoyin uku shi ne wuyar aikin a ƙasar Hausa. Akwai sassan gashin sankara a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuma an buɗe cibiyar gashi ta farko a Yamai a 2021, amma injinan kaɗan ne idan aka gwada da yawan jama'a, tafiya da masauki da kuɗin magani kuma sukan sa iyali su tsaya a tsakiyar hanya, musamman idan zagaye biyu na farko suka sauke kumburin aka zaci an warke. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar kan sankarar mama a 2021, ta sa burin a kammala dubawa da hoto da gwajin tsoka cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti, wanda ga wannan nau'i iyaka ce ta can ƙarshe. Kunya da jiran izinin maigida ko zuwan kuɗin amfanin gona suna cin nasu kwanakin tun kafin a fara wannan lissafi, ko da yake mace tana da damar neman ma'aikaciya mace ta duba ta, ko 'yar'uwarta ta tsaya a ɗakin. Wadda aka tura babban asibiti za ta rage wa kanta zirga-zirga idan ta tafi da kwalayen magungunan da ta sha, da ranar da ta fara ganin sauyin, da hotunan wayarta, da takardar sakamakon gwajin tsoka ta asali, domin ita ce farkon abin da likitan sankara zai nema kafin ya rubuta zagayen farko na magani.